A Bar Yaro Ya Nuna, Ya Kuma Faɗa da Bakinsa

Duk wanda ya san unguwanninmu ya san yarinyar da ke ɗauke da faranti tana tallar gyaɗa ko awara, muryarta na kaiwa ƙarshen layi, tana ciniki da magidanta, tana ƙirga canji babu kuskure. Ya kuma san yaron da ke zaune a gindin dalbejiya yana ƙera mota da kara da gwangwanin madara, yana koya wa abokansa yadda za a sa taya ta juya. Idan waɗannan yaran suka shiga aji ɗaya ko aji biyu na firamare, malami ya ce su tashi su faɗi wani abu, sai ka ga sun sunkuyar da kai, sun kama murza gefen riga, murya ta maƙale a maƙogwaro. Yaran su ne dai na jiya, harshensu ma bai ragu ba. Abin da ya sauya shi ne, a waje suna magana kan abin da suka sani, a aji kuwa ana tambayarsu abin da malami ya sani, sau da yawa cikin harshen da ba su iya ba, ga bulala ajiye a kan tebur. Ra'ayina shi ne wannan shirun koyonsa ake yi a aji, kuma a ajin ne za a iya warware shi, da wata hanya mai sauƙi wadda ba ta cin ko sisin kwabo.

Hanyar ta daɗe a makarantun yara na Amurka da Ingila da Ostareliya, kuma ana iya kiranta da Hausa "nuna-ka-faɗa". Malami kan ware 'yan mintoci a kowace rana, yawanci da safe. Yaron da layi ya zo kansa zai kawo wani abu daga gida ko daga hanya, ya tsaya gaban 'yan ajinsu, ya ɗaga shi kowa ya gani, ya faɗi sunansa, inda ya samo shi, abin da ake yi da shi, da dalilin da ya sa ya zaɓe shi. Bayan ya gama, abokansa biyu ko uku su yi masa tambaya, ya amsa, a tafa masa, ya koma wurin zamansa. Duka abin bai wuce minti uku ba. A wurinmu abin nunin zai iya zama ludayin duma, ko zangarniyar gero, ko 'yartsana, ko ƙwallon goruba, ko allon karatu, ko faifan da kakarsa ta saƙa, ko motar karan da ya ƙera da hannunsa. Babu maki, babu jan biro, babu wanda ya ci ko ya faɗi.

Mai kallo daga nesa zai iya cewa wannan wasa ne kawai. Hikimar da ke cikinsa ita ce yana juya matsayin da aka saba da shi a aji. A kowane darasi malami ne masani, yaro kuwa mai jiran a kama shi da kuskure. A cikin waɗannan mintoci uku, yaron ne ya fi kowa sanin abin da ake magana a kai. Babu wanda zai ce masa ya yi kuskure game da akuyar gidansu ko fatanyar babansa. Abin da ke hannunsa kuma yana ɗauke masa nauyi biyu: idanun jama'a kan koma kan abin maimakon fuskarsa, kuma idan magana ta ɓace masa, kallon abin kaɗai zai tuna masa da ta gaba. Masanin halayyar ɗan Adam Albert Bandura, na Jami'ar Stanford, ya bayyana a 1977 cewa babban abin da ke sa mutum ya yarda zai iya wani aiki shi ne ya taɓa yin sa ya ga ya yi nasara, kuma wannan ya fi lallashi da kirari tasiri. Bahaushe ya riga ya ce gani ya kori ji. Ko sau ɗari ka ce wa yaro "kada ka ji tsoro", bai kai ya tsaya sau ɗaya ya yi magana ya zauna lafiya ba, ba a yi masa dariya ba, ba a dake shi ba.

Mu dubi yadda rana take wucewa a yawancin azuzuwanmu. Malami ya faɗa, yara su maimaita da murya ɗaya. Ya rubuta a allo, su kwafa. Ajin cike yake da ƙara, amma yaro zai iya shafe zango guda bai haɗa jimla ɗaya tasa ta kansa ba, domin a cikin amshin jama'a kowa na iya ɓuya. Ko da aka yi tambaya, ba a jira amsa. Wata malamar kimiyya a Amurka, Mary Budd Rowe, ta auna wannan a farkon shekarun 1970, ta gano cewa malamai kan jira kusan daƙiƙa ɗaya tak bayan tambaya kafin su wuce ko su amsa da kansu, kuma idan aka tsawaita jiran zuwa daƙiƙa uku, amsoshin yara kan yi tsawo, waɗanda ba su saba magana ba ma su fara ɗaga hannu. A 2018 kuma Rachel Romeo da abokan aikinta a jami'o'in MIT da Harvard sun bi yara 36 masu shekara huɗu zuwa shida, suka ga cewa yawan musayar zance tsakanin yaro da babba, wato ka faɗa in faɗa, ya fi yawan kalmomin da yaro ke ji kawai alaƙa da ƙwarewarsa a harshe da kuma aikin sashen ƙwaƙwalwa mai kula da magana. Darasin a fili yake: yaro ba ya koyon magana da sauraro kaɗai, sai an ba shi fili ya mayar.

Wannan ya shafi karatu kai tsaye, wanda shi ne babban kukanmu a yau. Rahoton Bankin Duniya da abokan aikinsa na 2022 ya ƙiyasta cewa kusan tara cikin goma na yara masu shekara goma a Afirka kudu da Sahara ba sa iya karanta gajeren rubutu su fahimce shi. Masana karatu sun daɗe da nuna cewa fahimtar rubutu tana tsaye ne kan ƙafa biyu, iya haɗa baƙaƙe da wasula, da kuma fahimtar harshen baka. Shirye-shirye irin su Mu Karanta a jihohin Bauchi da Sakkwato sun yi ƙoƙari wajen koyar da karatu da Hausa a ƙananan azuzuwa. Amma yaron da bai taɓa jera labari da bakinsa ba, ya fara daga farko ya bi ta tsakiya ya kai ƙarshe, zai sha wuya ranar da aka ce ya rubuta insha'i. Wanda ya saba cewa "wannan ƙwarya ce, daga duma ake yin ta, ana fafe ta a shanya, innata tana dama fura a ciki" ya riga ya koyi tsara sakin layi tun kafin ya riƙe fensir da kyau.

Kada kuma a ɗauka baƙon abu ake son shigo mana da shi. Al'adar Bahaushe tana da makarantar magana tun fil azal. A tatsuniyar dare, bayan kaka ta yi tata, yara kan karɓa ɗaya bayan ɗaya, wanda ya ɓata labarin Gizo da Ƙoƙi a gyara masa, gobe ya sake. Kacici-kacici yana koyar da saurin tunani da amsa a gaban jama'a. Karin magana da salon magana mai karya harshe suna gyara furuci. A dandali 'yan mata kan ba da waƙa wasu su amsa, a tashen azumi yara kan shiga gida gida su yi wasan kwaikwayo gaban manya. Yawancin waɗannan sun ja baya a birane, talabijin da wayar hannu sun cinye daren hira, rashin tsaro ya rufe dandali a garuruwa da dama. Makarantun allo da Islamiyya har yanzu suna tsayar da yaro ya yi karatu da ƙarfi, musabaƙa kuma ta nuna cewa ɗan shekara goma zai iya tsayawa gaban dubban mutane bai girgiza ba. Sai dai wancan horo ne na kawo abin da aka haddace daidai yadda yake, kuma yana da matsayinsa mai girma. Abin da ya yi ƙaranci shi ne filin da yaro zai ƙirƙiro maganarsa da kansa. Nuna-ka-faɗa na iya cike wannan gurbin da tatsuniya ta bari.

Babban abin da iyaye za su faɗa, kuma ya cancanci a saurare su, shi ne batun kunya. Mu mutane ne da ke ɗaukar kunya a matsayin ado. Anthony Kirk-Greene, a laccarsa kan mutumin kirki a wurin Hausawa wadda aka buga a 1974, ya lissafa kunya tare da gaskiya da amana da haƙuri da ladabi cikin siffofin da ake auna mutum da su. Uba na da hujja idan ya ji tsoron kada makaranta ta mayar masa da ɗa fitsararre mai tsoma baki cikin zancen manya. Amma akwai bambanci tsakanin kunyar da ke hana mutum aikata abin ƙi da tsoron da ke hana shi faɗin abin da ya sani, kuma addininmu ya raba su. A cikin Sahihul Bukhari an ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tambayi sahabbai wace bishiya ce ganyenta ba ya zuba, wadda ta yi kama da Musulmi. Abdullahi ɗan Umar ya gane cewa dabino ce, amma ya ji nauyin magana saboda shi ne ƙarami a wurin. Da ya gaya wa mahaifinsa daga baya, Sayyidina Umar ya nuna masa cewa da ya faɗa, da ya fi masa daɗi fiye da dukiya mai yawa. Nana A'isha ma ta yabi matan Ansar saboda kunya ba ta hana su neman fahimtar addini ba. Uban da ya fi mu sanin tarbiyya ya so ɗansa ya yi magana a majalisar da ta fi kowace majalisa daraja.

Hasali ma, idan aka tsara shi da kyau, wannan darasi makarantar ladabi ce. Yaro zai fara da sallama, ya gaishe da malami da 'yan aji, ya faɗi sunansa, ya yi bayaninsa, ya rufe da godiya. Sauran yaran kuma suna koyon abin da ya fi magana wuya, wato yin shiru har mai magana ya gama, ɗaga hannu kafin tambaya, da yin tambaya ba tare da ba'a ba. Fitsara ita ce magana ba lokacinta ba, ba kuma bisa ƙa'ida ba. Yaron da ya san akwai lokacinsa, kuma akwai lokacin wani, ya fi kusa da natsuwa a gaban manya fiye da wanda aka danne har ya girma bai san yadda ake karɓar zance ba. Wannan ya fi muhimmanci ga 'ya'ya mata, waɗanda aka fi yi wa tsawa idan suka ɗaga murya. Yarinyar da aka koya wa cewa shiru ne kaɗai mutuncinta ita ce gobe za ta kasa gaya wa likita inda ke mata ciwo, ta kasa faɗa wa uwarta cewa wani yana cutar da ita.

Malamai kuma za su ce, da gaskiyarsu, ina lokaci, ina wuri? Manufar ilimi ta ƙasa ta tanadi malami ɗaya ga ɗalibai 35 a firamare, amma kowa ya san azuzuwan gwamnati da ke ɗauke da ninki biyu ko uku na wannan adadi, wasu yaran a ƙasa suke zaune. Lissafin dai bai kai yadda ake tsoro ba. A ajin yara 60, idan uku suka yi magana kowace rana, minti goma ya isa, kuma cikin ranakun karatu 20, wato kusan wata guda, kowa ya samu layinsa. A shekara yaro zai tsaya sau bakwai ko takwas, wanda ya fi abin da yara da yawa ke samu a duk shekarunsu shida na firamare. Inda aji ya kai ɗari, sai a raba yara rukuni rukuni na biyar ko shida a inuwar bishiya, kowa ya nuna wa rukuninsa, malami yana zagayawa, sannan a zaɓi ɗaya ko biyu su yi wa aji duka. Minti goman nan ma ba asararsu aka yi ba, domin ana iya ɗaura su kan darasin ranar. Zangarniyar dawa ƙofa ce ta shiga darasin kimiyya, mudu da tiya na kai ga lissafi, tsohon kwabo mai huda kuwa tarihi ne a tafin hannu.

Akwai damuwa ta uku wadda ta fi sauran nauyi a ganina, ita ce gori. A ƙasashen da aka fara wannan abu an daɗe ana kukan cewa yakan koma gasar nuna kayan wasa masu tsada, ɗan mai kuɗi ya yi fice, ɗan talaka ya koma gida da ƙunci. A al'ummar da wani yaro ke zuwa makaranta bai karya ba, wannan haɗari ne na gaske. Maganinsa yana hannun malami. Shi zai yanke abin da za a kawo a kowane mako, ya kuma zaɓi abin da kowa zai samu kyauta: wannan mako ganye, mako mai zuwa abin da ka yi da hannunka, na gaba wani abu daga madafa ko daga gona, na bayansa dutse ko iri. A hana kawo waya da kuɗi da duk abin da aka saya don nuni. Idan aka yi haka, sau da yawa ɗan manomi da ɗan maƙeri da 'yar mai saƙa su ne za su fi abin faɗa, kuma aji zai ga cewa sana'ar gidansu ilimi ce. Haka nan malami ya tsare sirrin gida. Magana zarar bunu ce, yaro kuma bai san abin da ake sakayawa ba, don haka tambayoyi su tsaya kan abin da ke hannu, kada su gangara zuwa abin da aka ci jiya ko abin da ya faru tsakanin iyaye.

Sai yaron da tsoronsa ya wuce na sauran. Binciken Jerome Kagan a Harvard ya nuna cewa wasu yara tun suna jarirai suke da saurin firgita da baƙon abu, halitta ce, ba taurin kai ba. Irin wannan yaro, da mai in'ina, idan aka fizgo shi gaban aji da ƙarfi aka bar yara suka yi masa dariya, an ƙara masa ciwo ne. Da rarrafe yaro kan tashi. A ranar farko ya riƙe abin kawai, malami ya yi masa tambayar da zai amsa da kalma ɗaya. Wata rana ya nuna wa abokinsa guda, sannan rukuni, sannan ya tsaya tare da aboki a gaban aji. Kada a ƙarasa wa mai in'ina kalma, kada a ce ya yi sauri, kuma dokar hana dariya ta zama doka mai ƙarfi tun ranar farko. Ya ishe mu tunawa cewa Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, da aka aike shi wurin Fir'auna, ya roƙi Ubangiji ya warware masa ƙullin harshensa, ya kuma nemi a ƙarfafa shi da ɗan'uwansa Haruna. Nauyin baki bai taɓa zama alamar ƙarancin daraja ba, neman abokin tsayawa kuma ba gazawa ba ce.

Game da harshe, matsayina a bayyane yake: a ƙananan azuzuwa a bar yaro ya yi da harshen da yake tunani da shi, Hausa ko Fulfulde ko Kanuri ko wanda ake yi a gidansu. Masu tsoron kada Turanci ya sha kashi su tuna da gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarbanci tsawon shekara shida na firamare, Turanci yana matsayin darasi guda, kuma yaran ba su gaza takwarorinsu a Turancin ba, sun ma fi su a darussa da dama. Idan aka haɗa wa yaro tsoron jama'a da tsoron baƙon harshe a lokaci ɗaya, abin da za a samu shi ne jimla biyu da aka haddace masa a gida. Idan ya saba tsayawa da tsara zance da harshensa, daga aji uku ko huɗu sai a fara sa shi ya maimaita bayanin da Turanci, ko da Faransanci a Nijar. Malami kuma ya riƙe harshensa. Sarah Michaels, wadda ta nazarci irin wannan darasi a wani aji ɗaya a Kalifoniya ta buga sakamakon a 1981, ta ga yadda malama ke yawan katse yaran da salon labarinsu ya bambanta da wanda ta saba, tana zaton sun kauce, alhali suna da tsarinsu. Gyara ya zo bayan yaro ya gama, kuma ya zo a siffar tambaya.

Abin da muke asara da wannan shiru yana bayyana ne bayan shekaru. Muna ganinsa a ɗalibin jami'a da ya san aikinsa amma ya rikice ranar kare kundinsa, da matashin da takardunsa suka yi kyau amma ya kasa buɗe baki a ganawar ɗaukar aiki, da taron unguwa inda mutum uku ke magana ɗari suna gunaguni a waje. Ƙasar da ta haifi Abubakar Tafawa Ɓalewa da Malam Aminu Kano, malaman makaranta biyu da harshensu ya motsa jama'a, ba ta rasa baiwar magana ba. Ingila ma, duk da wadatar makarantunta, wani kwamiti a can ya ba da shawara a 2024 cewa a ɗauki iya magana da sauraro da muhimmanci daidai da karatu da rubutu da lissafi. Mu da Abubakar Imam ya raɗa wa shahararren littafinmu suna Magana Jari Ce tun 1937 bai kamata a riga mu gane wannan ba.

Don haka kirana ga shugabannin makarantun firamare da na Islamiyya shi ne su ware minti goma a jadawalin aji ɗaya zuwa uku tun daga wannan zango, ba sai sun jira takarda daga sama ba. Hukumomin ilimin bai ɗaya na jihohi da kwalejojin horar da malamai su sa wannan cikin abin da ake koya wa malaman ƙananan azuzuwa. Iyaye kuma, musamman iyaye mata da kakanni, ku fara a tsakar gida: bayan sallar isha'i a ajiye waya, a ce wa yaro ya ɗauko abu ɗaya ya gaya wa mutanen gida labarinsa, a saurare shi har ya kai aya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ku ba 'ya'yanku fili su yi magana a gabanku yau, domin gobe su iya tsayawa su faɗi gaskiya cikin ladabi a gaban kowa.